Ɗiyar Sarkin Ruwa Da Mai Kifin Gwangwani

Wuƙar Ruƙayya ta saba da ƙaya, ta saba da ƙashi, amma ba ta taɓa cin karo da ƙarfe a cikin kifi ba sai ranar nan a kasuwar Wurno.

A shekarun da sojojin Bama suka fara dawowa gida ne. Ruƙayya, ɗiyar Sarkin Ruwa Maigandi, tana zaune a rumfar gwaggonta Asabe tana gyara wani giwan ruwa da aka kamo da safe a gulbin Rima. Ta tsaga cikinsa, sai wuƙa ta yi ƙas. Ta sa yatsu ta zaro wani abu da bai wuce tsawon yatsa ba, ta goge shi a gefen zane. Kifi ne, amma na farin ƙarfe, da jelarsa, da zanen ɓawo a jikinsa, da ido na jan zare.

Ta sake shi kamar ta taɓa garwashi.

Asabe ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Mi za ni gani yau? Kihi cikin kihi, kuma na ƙarhe?"

Kafin a ce me, rumfa ta cika. Wani ya ce saƙon mutanen ruwa ne, lallai akwai wanda ya yi musu laifi. Wani kuma ya rantse cewa Nasara ne suka zuba su a gulbi don su ƙidaya kifaye su ɗora musu haraji. Wata mata da ta riga ta sayi yanka biyu ta dawo da su ta ajiye a hankali, ko kuɗinta ba ta tsaya karɓa ba.

Ana cikin haka wata murya ta ce daga baya, "Don Allah ku ba ni hanya. Nawa na."

Dogon saurayi ne siriri, ƙafafunsa duk lakar garka, yana rungume da kwandon albasa. Mainasara ke nan, ɗan manoman fadama, wanda duk unguwarsu an san shi da abu ɗaya: in Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi ya sauka a bariki, shi ne zai bi juji yana tsintar gwangwanayen madara da na kifi. Ya yanka su, ya bubbuga da ƙusa, ya fitar da 'yan kifaye. Babu wanda ya sa shi, babu mai biyansa. Daga baya da suka yi masa yawa a ɗaki sai ya riƙa rataya su a igiya saman shinkafarsa, ƙyallinsu na korar tsuntsaye. Iska ta tsinka igiya ɗaya ta faɗa gulbi, ga ƙarshen labarin a cikin giwan ruwa.

Ya yi wannan bayani yana kallon ƙasa. Mutane suka watse da ɗan jin haushi, don sun fi son zancen aljanu.

Ruƙayya ta ɗauki kifin ta juya shi. "Kai kay yi shi? Da hannunka?"

"Da hannuna da almakashin innata."

"To, mi na amfaninshi?"

"Babu," in ji shi. "Sha'awa ta dai."

Ta ɗaga kai ta dube shi, shi ma a lokacin ya ɗago. Ita dai ba ta taɓa ganin namiji ya tsaya gaban jama'a ya ce abin da yake yi ba shi da amfani ba, ba kuma tare da jin kunya ba. Gabanta ya faɗi. Shi kuwa albasa uku suka gangaro daga kwandonsa bai sani ba.

Asabe, wadda ba abin da ke wuce ta, ta ce, "Samari, kwashe albasarka. In kallo kaz zo, to muna saidawa."

Abin bai bar Ruƙayya ta huta ba. Ita a bakin ruwa ta tashi, ta sha ganin yadda giwan ruwa ke kai wa ƙananan kifaye wawura in sun yi ƙyalli a rana. Ashe ba hauka ne ya sa ya haɗiye gwangwani ba, abinci ya zata. To in ya haɗiye sau ɗaya, me zai hana ya ƙara?

Ta zaro ƙugiya ɗaya daga cikin kayan babanta ta damƙa wa Asabe.

"Gwaggo, ki ce mashi, in ji Ruƙayya: shi huda wutsiyar abin nan nashi shi maƙala wagga ƙugiya, shi ɗaura igiya ga baki, shi ishe mu mashaya ta ƙasa bayan la'asar."

Asabe ta kai saƙo, ta dawo da amsa tana taunar goro. "Yac ce in gaya maki: ko cikin wuta kinka ce shi zo, shina zuwa. Amma wai don Allah mashayar ba ta da zurhi ko?"

Sai da suka haɗu Ruƙayya ta gane dalilin tambayar. Mainasara ya tsaya can nesa da ruwa, kamar wanda ya zo gaida surukai.

"Matso mana."

"Nan ma ina gani."

Ta saki baki. "Kar dai ka ce min ba ka iya ruwa ba?"

"Ko ga guiwa ban taɓa shiga ba."

"Ka girma gaban Rima, gonarku na shan Rima, ba ka iya ruwa ba?" Ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Kai, Ɗan Tudu, ka ba ni mamaki."

"Ai shi ya sa Allah Ya haɗa ni da Ɗiyar Gulbi," in ji shi. Nan take ta daina dariya ta sunkuyar da kai, sunayen nan biyu kuma suka zauna musu.

Ita ta jefa. Kifin gwangwani ya nutse ya kwanta a ƙasa, suka yi ta jira, shiru. Asabe har ta fara gyangyaɗi a gindin bishiya. Haushi ya kama Ruƙayya, ta fara janyo igiyar da sauri don su tashi. Abin ya taso yana jujjuyawa yana walƙiya a cikin ruwa, sai ji ta yi an fizge ta har ta durƙusa. Da ƙyar suka fito da shi su biyu. Tsage ne mai haƙora kamar ƙusoshi, ga gwangwani a bakinsa.

Suka tsaya suna kallonsa. Ba tana, ba ɗan kifi, ba kome a ƙugiyar, gwangwanin madara kawai da Bature ya yar.

Can Ruƙayya ta ce a hankali, "Ka gani? Sai an ja shi. In an bar shi kwance kihi bai kula shi."

Mainasara ya dubi hannayensa. "Shekara da shekaru Baba na ce min sakarai kan abin ga."

"To yau ka gaya mashi sakarcin ya kama tsage."

Daga nan abu ya kankama. Mainasara ya riƙa gwada sabbi: wani ya lanƙwasa shi kamar cokali, wani ya ɗaura masa gashin zabo a jela, wani ya goge shi da toka har mutum na ganin fuskarsa. Shi ke ƙerawa, ita ke gwadawa, ta aiko masa da hukunci ta bakin Asabe. "Wanga ya cika nauyi." "Wanga rawa yaka yi kamar ɗan kama, kihi bai yarda da shi ba." "Mai gashin zabon nan, ka ƙara yin irinshi." Wasu matasan masunta da suka gani da idonsu Ruƙayya na kama kifi da shi suka saya taro taro, suka kuma dawo.

Sai ga kawun Mainasara, Lauwali, ɗan koli mai jaki, wanda ke cin kasuwar Rabah da Goronyo har Kagara. Ya kwashi kifayen gwangwani cike da jaka ya tafi, ya dawo jaka wayam yana neman wasu. Mainasara ya kasa gaskatawa. Ya mayar wa innarsa almakashinta ya sayi nasa, ya kama 'yar rumfa kusa da maƙera, har babansa ya fara ce wa mutane, "Ai yaron nan tun yana ƙarami nis san yana da kai."

Wata la'asar ya zo zance ƙofar gidansu Ruƙayya, Asabe na gefe tana tsinke gashin zabo.

"Ɗiyar Gulbi," ya ce, "kin san rumfar nan ba tawa ba ta."

"Ta wa ta?"

"Taki. Ni abin wasa niy yi. Ke kinka maishe shi sana'a."

"To ka biya ni ladata."

"Ba ni da abin da za shi kai. Sai dai in ba ki mai rumfar baki ɗai."

Ta ja gyale ta rufe rabin fuska. "Mai rumfar da bai iya ruwa ba? An cuce ni."

"Kin karɓa ko in koma da shi?"

"Bar shi nan," ta ce, muryarta can ƙasa. "Na karɓa."

Amma da manyan Mainasara suka zo neman aure wurin Sarkin Ruwa Maigandi, ko goron bai taɓa ba. Maigandi mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya faɗa, ba ya kuma maimaita magana. Ya sallame su da mutunci, sannan ya kira ɗiyarsa.

"Ruƙayya, tun kakan kakana ba mu taɓa kai ɗiya tudu ba. Mijin ɗiyar gidan ga, in jirgi ya kihe da ita, shi ka hiddo ta. Wanga in kin hwaɗa ruwa sai dai shi tsaya bakin gaɓa shina kuka."

"Baba, yana da sana'a."

"Wasan yara dai. Ga Sale ɗan ƙanena, kowa ya san hannunshi ga ruwa. Ba ni tilasta maki shi. Amma mai gwangwani, a'a."

Ta fito tana haɗiye kuka. Sale kuwa, wanda ya daɗe yana sonta tana yi masa kallon ɗan'uwa, ya fara zuwa da manyan kifaye yana ajiyewa a tsakar gida inda kowa zai gani.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Wata rana da hantsi Sale ya shigo fuska a murtuke, ya jefa wani abu a tabarmar da take zaune. Laya ce, an ɗinke ta da jar fata.

"Ga aikin masoyinki," in ji shi. "Wani abokina na Goronyo yab ba ni. Sule guda yas saye ta. An ce masu layar mutanen ruwa ta, wadda anka hiddo daga cikin giwan ruwa nan Wurno gaban shaidu. Wai a ɗunke ta cikin hwata, a rataya ga hancin jirgi, kar ruwa shi taɓa ta, kihi da kanshi za shi zo. Mutane sun saida awaki sun saya. Tun daga Rabah har Goronyo babu jirgin da ba ya da ita, kuma ko ɗan karhwasa ba ta kawo ma kowa ba. Gobe suna tahe wurin Baba."

Ruƙayya ta taɓa layar. Ta ji siffar kifin a ƙarƙashin fata, har da ƙugiyar. Wato abin da ya faru a rumfar gwaggonta, da wuƙarta, shi aka ɗauka aka yi jari da shi? Mutumin da ya burge ta don ya faɗi gaskiya gaban kasuwa, shi ne yau ke cutar masunta, mutanen babanta? Ta ji kunya, ta ji kuma ta tsani kanta da ta yarda da shi.

"Gwaggo, ki ce mashi, in ji Ruƙayya: ni kihi nic ce mu kama, ba mutane ba. Kar shi sake tako ƙohwar gidanmu."

Asabe ta tafi. Ta dawo ta ce, "Na gaya mashi. Almakashi ya hwaɗi daga hannunshi. Yac ce: wallahi bai san zancen da kika yi ba, amma gobe shina zuwa gaban Sarkin Ruwa, ko da kashe shi za a yi."

Washegari gindin tsamiyar ƙofar gidan Maigandi ya cika da masunta, kowa da layarsa a hannu. Ruƙayya ta laɓe bayan zana tana leƙe. Mainasara ya zo ya durƙusa, yana riƙe da hannun rigar kawunsa Lauwali, wanda ke ta waige-waige kamar mai neman hanyar gudu.

Aka tura masa tulin layu a gabansa. Ya ɗauki ɗaya ya juya, bai gane ba. Aka miƙa masa wuƙa ya farke ɗinkin. Kifinsa ya faɗo, ya yi baƙi, ya yi tsatsa, gashin zabon ya murƙushe.

Ruƙayya ta ga fuskarsa a lokacin, kuma fuskar nan ba ta mai ƙarya ba ce. Bakinsa a buɗe, ya farke ta biyu, ya farke ta uku.

"Wa yac ce ku ɗunke su?" in ji shi. "Kwana nika yi ina goge su da toka don su yi haske. Kun ruhe su cikin hwata, kun rataya sama. To ta ina kihi za shi gan su?"

Duk idanu suka koma kan Lauwali. Ya gyara hula ya ce, "To ku gaya min, wa za shi ba da kuɗinshi kan gwangwanin juji? Na ce masu kihin ƙarya na, a jehwa ruwa a ja, sunka yi min dariya. Da nic ce laya ta, kan in ruhe baki jaka ta ƙare. Ni taimakon yaro niy yi."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Mainasara ya ce duk wanda ya sayi laya ya zo rumfa, zai mayar masa da kuɗinsa ko da albasar bana za ta tafi a kai. Ya ce amma abin da ya ƙera ba ƙarya ba ne, yana kama kifi in an ja shi cikin ruwa.

Maigandi ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Kawunka ya ce laya ta, ƙarya ta. Kai ka ce a ja shi. Da mi za mu san taka ba ƙarya ba ta? Mutanen ga ba tsage sunka zo nema ba. Giwan ruwa anka yi masu alkawari, shi ko babban gurbi yaka zama, inda gorar tuƙin jirgi ba ta taɓa ƙasa. Gobe da sahe ni da kai cikin jirgina. Kai za ka riƙe igiya. In ka kama, ka wanke kanka. In ba ka iya shiga, ka ruhe rumfa, kar in ƙara jin sunanka bakin gulbin ga."

Kowa a wurin ya san yaron bai iya ruwa ba. Maigandi ma ya sani.

"Na yarda, Baba," in ji Mainasara.

Da taro ya watse ya biyo ta gefen zana zai wuce. Ruƙayya ta kira shi a hankali.

"Ɗan Tudu."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Ka yahe min. Na zarge ka ban tambaye ka ba."

"Kin gaskata ni yanzu?"

"Na gaskata. Don Allah kar ka shiga jirgin nan. Gurbin ya ci waɗanda sunka iya ruwa ma."

"In ban shiga ba, ke kaɗai kinka gaskata ni. Baba ko bai ba maƙaryaci ɗiyarshi." Ya sa yatsa ɗaya ta ramin zana, ta taɓa shi da nata. "Tsoro nika ji, Ɗiyar Gulbi, ba ni ɓoye maki. Amma rasa ki ya hi ba ni tsoro."

Gari na wayewa gaɓa ta cika maƙil, har da masu tallan fura. Mainasara ya shiga jirgi da rarrafe, ya zauna a tsakiya ya ƙame kamar an dasa shi. Maigandi ya tuƙa da kansa. Sale da wasu suka bi su a nasu jiragen daga nesa. Da suka kai tsakiyar gurbi Mainasara ya saki kifin gwangwani a baya, jirgi na tafe yana jansa.

Suka kai ƙarshen gurbi suka juyo, babu kome. Suka sake, babu kome. Rana ta fara zafi. Wani daga gaɓa ya ce ko a mayar da shi cikin fata ne, aka yi dariya. Ruƙayya na tsaye kusa da Asabe, bakinta bai daina addu'a ba.

Da jirgin ya juyo ta kusa da su ne ta ga abin da ya tsayar mata da numfashi. Hannun Mainasara ya gaji, kuma yana tsoron kada igiya ta kuɓuce masa, sai ya naɗe ta a wuyan hannunsa ya ƙulle. Ko yaron goye a gidan masunta ya san ba a yin haka. Maigandi na kallon gaba yana tuƙi, bai gani ba.

"Kwance igiyar!" ta yi ihu. "Mainasara, kwance ta!"

Iska ta tafi da muryar. Ya hango ta tana ɗaga hannu, sai ya yi murmushi ya ɗaga mata ɗaya hannun.

A daidai lokacin igiyar ta miƙe. Ba a ga ya faɗi ba, gani kawai aka yi babu shi, sai hularsa a kan ruwa.

Gaɓa ta ɗauki salati. Maigandi ya waiga, ya saki matuƙi, ya bi shi da ka. Sale ma ya daka tsalle daga nasa jirgin. Ruƙayya ba ta san lokacin da ta shiga ruwa har ƙirji ba, sai ji ta yi Asabe ta riƙe ta ta baya tana cewa, "Ki tsaya, babanki na can, ki tsaya." Ruwan ya kwanta lumui kamar bai haɗiye kowa ba. Ta ji duniyar ta ƙare mata, kuma ita ce ta aika masa da ƙugiyar farko.

Can kan Maigandi ya ɓullo, yana riƙe da wuyan rigar Mainasara. Sale ya ɓullo kusa da su, ya kama igiyar da hannu biyu ya rage mata ƙarfi, aka taru aka ja su gaɓa. Aka kwantar da Mainasara aka danna masa ciki, ya yi ta aman ruwa. Wuyan hannunsa ya yanke yana jini, igiyar kuma har yanzu tana nan a ɗaure.

Sale ne ya ƙarasa fitar da kifin, shi da mutum uku. Giwan ruwa ne wanda ya kusa kai tsawon mutum. Sale ya buɗe bakinsa ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Gwangwanin na ciki. Babu tana, babu komi. Yaron ga gaskiya yaf faɗi." Bai dubi Ruƙayya ba, ya koma jirginsa.

Amma Maigandi ba kifin yake kallo ba. Yana zaune a yashi yana haki, wuƙarsa a hannu, ya zura wa Mainasara ido kamar ya ga abin da bai taɓa gani ba. Mutumin da ba ya maimaita magana, ranar sai da ya faɗi tasa sau biyu.

"Na ishe shi can ƙasa kihi na janshi. Na zaro wuƙa in yanke igiya, yar riƙe min hannu. Jama'a, cikin ruwa. Shina mutuwa, yar riƙe min hannu." Ya juya gare shi. "Kai, mi ka damunka?"

Mainasara ya yi tari, da ƙyar maganar ta fito. "Baba, in ka yanke, kihin ya tahi da shaidata. Sai a ce maƙaryaci ya hwaɗa ruwa kawai. Da mi za ni zo neman Ruƙayya?"

Ruƙayya ta durƙushe a cikin yashi ta fashe da kuka, ba ta damu da wanda ke kallo ba.

Maigandi ya dubi ɗiyarsa. Ya mayar da wuƙarsa kube, ya matse gemunsa.

"Na ga masu iya ruwa da yawa," ya ce. "Rabinsu in ruwa ya kai masu ga wuya sakin komi suka yi. Wanga bai iya komi ba, amma bai saki ba." Ya nuna shi da yatsa. "Mahaukaci na. Ku gaya ma manyanshi su dawo da goron nan. Amma ba a ɗaura aure sai ya ƙetare mashaya da hannunshi, ni ko za ni koya mashi."

Haka kuwa aka yi. Duk safiya mutanen Wurno suka samu abin kallo: Sarkin Ruwa tsaye cikin ruwa yana riƙe da cikin dogon surukinsa, shi kuma yana ta bugun ruwa kamar ɗan akuyar da ya faɗa rijiya. Masunta suka farke layunsu suka kawo rumfa a goge musu, Asabe ta zauna a bakin rumfar tana nuna wa kowa yadda ake ja, Lauwali kuwa aka bar shi da tallan allura da madubi. Kafin kaka ta ƙare ana aikowa neman kifin gwangwani daga Rabah da Goronyo, har da garuruwan da Mainasara bai taɓa jin sunansu ba.

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure a gindin tsamiya. Sale ne ya kawo kifin walima, jirgi guda. Da za a kai amarya Maigandi ya dafa kanta ya ce, "Ki tahi tudu, ɗiyata. Na ba ki ga wanda ba ya sakinki. Allah Shi ba ku zaman lahiya, Shi ba ku zuri'a mai albarka, masu iya ruwa." Mata suka amsa da amin suna dariya, wasu na share hawaye.

Da 'yan rakiya suka watse, Ruƙayya ta kamo hannun mijinta ta juya shi. Tabon igiyar ya zagaye wuyan hannun, ya warke ya bar shaida.

"Da ka mutu fa?" ta ce.

"Ban mutu ba."

"Ka yi min alkawari. Ko wane irin kihi na, in ya ja ka, ka sake shi."

"Na yi maki," in ji Mainasara. "Yanzu ai ba ni da sauran abin da nika nema cikin ruwa."

Ta ɗora goshinta a kan tabon. Allah Ya bar su tare, Ya sa albarka a gidansu da rumfarsu, amin.